Saƙon da Aka Ce na 'Yan Sakawa Ne

Da hantsi wayar ta yi ƙara, Mma Awawu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince tsakuwa daga cikin shinkafa. Ta kwance bakin zani ta zaro ta, 'yar ƙaramar waya mai maɓallai da duk lambobinta suka goge, ta miƙa wa surukarta Zuleiha kamar yadda ta saba. Tsohuwar ba ta yi boko ba, kamfanin waya kuwa da Turanci yake aiko da komai. A gidan nan na unguwar Aboabo a Tamale, Zuleiha ce mai karanta mata.

Zuleiha ta goge hannu ta karanta a zuci. Saƙon ya ce kuɗi sun shigo momo, wato asusun da ke cikin wayar, daga Ajara, babbar 'yar Mma Awawu da ke sayar da abinci a Kumasi. Har ta buɗe baki za ta yi albishir, sai mijinta Mutawakil, da ke tsakar gida yana wanke yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da yake haya da shi, ya miƙe ya karɓe wayar da jiƙaƙƙen hannu.

"'Yan sakawa ne, Mma, 'yan damfarar nan," in ji shi. "Ba ki ji a rediyo ba? Su ce an turo miki kuɗi, ki saki jiki, su kwashe na ciki. Bari in goge."

Mma Awawu ta nemi tsari daga Allah. Ta ji a rediyo kuwa, da Hausa da Dagbanci, liman ma ya yi huɗuba a kai, kuma duk unguwa an san matar da aka yashe wa jarin gyaɗa ta waya. Ta sa wa ɗanta albarka da ya kasance yana gida a lokacin. Shi kuwa ya ce batirin ya yi ƙasa, ɗakinta ba wurin caji, bari ya tafi da wayar ya sa mata a gari. Da yamma ya dawo da ita, ya dawo da buhun masara da sabuwar taya.

Zuleiha ta ga masara, ta ga taya, ta ce wa zuciyarta haya ce ta yi kyau yau. Babu macen da ke son ta tuƙa tuwo tana zargin hatsin.

Da wata ya zagayo, saƙo ya sake shigowa, wannan karon Mutawakil ya riga ya fita. Zuleiha ta ce wa tsohuwa hasken rana ya hana ta gani, ta shige bayan ɗakin girki da wayar. Allah ya sani, ba don ta kama mijinta ta tsaya dubawa ba. So take ta tabbatar ƙarya ce, ta samu ta yi barci.

Ta duba saman saƙon. Sunan kamfanin ne a rubuce, a jere ɗaya da saƙonnin da ke zuwa in an sa kati. Na 'yan sakawa, waɗanda ita ma suke aiko mata, daga lambar mutum suke zuwa, da gurguwar Turanci, kuma ba a rufe waya sai wani ya kira yana marairaicewa wai kuskure ya yi, a mayar masa. Wannan bai nemi a kira kowa ba, bai nemi lambar sirri ba. Ta jira ko wani zai kira, shiru. Duk da haka ba ta yarda ba. Ta buga lambar taimako ta kamfanin, ta saurari kiɗa har kunnenta ya yi zafi, sannan wata mata ta ɗauka. Zuleiha ta karanta mata saƙon. Matar ta ce nasu ne, kuɗin suna ciki, sauran bayani kuwa sai ga mai layin, wani Mutawakil.

Haka abin yake. Lokacin da aka tilasta wa kowa ya haɗa layinsa da katin ƙasa, Mma Awawu ta sha dogon layi, amma na'ura ta ƙi ɗaukar yatsanta. Shekarun suyar kaɗanya da murza ta sun cinye zanen yatsun nan tas. Aka goga mata ruwa, aka goga mata mai, na'ura ta ce ba ta ga mutum ba. Sai Mutawakil ya sa nasa yatsan, ya zaɓi lambar sirri, aka yi ta yaba masa a kan hanya.

Zuleiha ta fito daga bayan ɗakin girki. Tsohuwa ta ɗaga kai tana jiran magana, kuma a idonta akwai ɗan fata, irin wanda mutum ke jin kunyar a gani.

"Su ne dai, Mma," in ji Zuleiha.

"Yoo. Goge, 'yar nan. Allah ya shirye su."

Ƙaryar farko ta Mutawakil ce. Wannan kuwa tata ce, da bakinta, ba wanda ya tsaya a kanta.

Da ya shigo cin abincin rana ta tare shi a ɗaki. Bai musa ba, bai ko ajiye loma ba. Ya tambaye ta layin sunan wa ne. Ya tambaye ta tuwon da Mma ke ci daga sama yake faɗowa. Ya ce Ajara ta gudu Kumasi ta bar masa ɗawainiya, tana turo abin da bai kai ya kawo ba tana jin ta sauke nauyi, in ta damu ta zo ta yi wankin tsohuwa mana. Ya ce aro ne ma, da zarar keke ya daina cin kuɗin gyara zai mayar. Ya ce tsohuwa in ta riƙe kuɗi sadaka za ta rabar a gidajen suna. Hujjoji dai kamar ya kwana yana jera su. Da ya ga ba ta sauko ba, ya nuna kwano da yatsa.

"Ke ma kin ci. Takalmin makarantar ɗanmu Imurana, a ina kike zaton ya fito? In kin tona ni, kanki kika tona."

Ya wanke hannu, ya je ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya ce batirin ya yi ƙasa.

Wani zai ce ai magana ɗaya tsakanin uwa da 'ya ta isa ta warware wannan. Wanda zai faɗi haka bai san gidajenmu ba. Ajara 'yar fari ce, kuma Mma Awawu ta tsohon yayi ce: ba ta kama sunanta, ba ta sakin fuska da ita, "ta Kumasi" kawai take cewa. In Ajara ta kira, gaisuwa ce a taƙaice, an tashi lafiya, ya jiki, da sauƙi, sai a miƙa wa wani wayar. Uwa irin wannan ta gwammace ta kwana da yunwa da ta tambayi 'yar fari ko ta aiko da wani abu. Ita ma Ajara ba za ta ce wa uwarta "kin ga abin da na turo?" ba, don kada ya zama gori. Ƙaninta take kira ta gaya wa, shi kuma ya ce Mma ta gode. Kunyar da aka gina don girmamawa, ita Mutawakil ya samu ya shimfiɗa tabarma a kai.

Kuɗin na magani ne. Mma Awawu tana da hawan jini, kuma tun da Ajara ta kai ta asibiti kafin ta tafi, ita ta ɗauki nauyin ƙwayoyin. Da na cikin kwalba suka fara ƙasa, tsohuwa ta koma raba ƙwaya biyu da wuƙa. Da suka ƙare, ta koma dafa ganyen zogale da tafarnuwa, tana cewa ai na gargajiya ya fi shiga jiki. Ciwon kai ya zo ya zauna. Ta riƙa ɗaure goshi da ɗankwali har jijiyoyi su fito. Ƙafafu suka kumbura, silifas ya daina shiga. Ta daina zuwa wurin matan da suke haɗa kaɗanya a unguwar Zogbeli, don hanya ta yi mata nisa. Mutawakil ya ce tsufa ne, ba wanda ya taɓa warkewa daga tsufa. In ta yi kwanan wahala sai ya sayo mata ƙwayar ciwon kai a kemis, ya ba ta da hannunsa a gaban baƙi.

Wata rana ta sa aka fito da babbar tukunyarta ta suyar kaɗanya, wadda da ita ta ciyar da su bayan rasuwar ubansu, ta ce a kai kasuwar Aboabo. Kuɗin tukunya suka sayi magani na ɗan lokaci, suka ƙare, aka koma zogale.

Zuleiha fa? Zuleiha ta zama surukar da ake kwatance da ita. Ta riƙa zaɓo tsokar da ta fi laushi ta sa a kwanon Mma. Ta riƙa gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, ta tsefe mata kai, ta wanke mata zannuwa tun ba su yi datti ba. Ba kirki ba ne, ita ma ta sani, neman sauƙi ne. Kuma sauƙin ya ƙi zuwa, don duk abin da ta yi sai tsohuwa ta dafa kanta ta yi ta sa mata albarka, ta ce Allah ya ba ta surukar da za ta riƙe ta da gaskiya kamar yadda ta riƙe ta. Zuleiha ta ce amin, ta shiga ɗakin girki ta yi kuka ta ɗora wa hayaƙi laifi. Sau da yawa ta shirya maganar tun daga bakin famfo, ta iso ƙofar ɗakin, ta ji kanta tana tambayar ko a dama koko.

Da ƙaramar Salla ta matso, Ajara ta turo na zani. Mutawakil ya je ya yanko atamfa mai araha, wadda ke zuba a wankin farko, ya kawo wa uwarsa a leda ya ce ga ɗan abin da ya samu. Tsohuwa ta ɗaura ta zauna a ƙofar gida, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta nuna masa. Bayan Salla aka yi suna a maƙwabta, aka riƙe ta ta je. Ana cikin hira wata ta tambaye ta labarin ta Kumasi. Mma Awawu, wadda ba ta taɓa kai ƙarar 'ya'yanta ko wurin 'yar uwarta ba, ta ce a gaban mata cike da tsakar gida:

"Ni ɗa ɗaya na haifa. Ga zaninsa a jikina."

Zuleiha tana nan, tana riƙe da farantin goro. Maganar ba ta kwana a Tamale ba. Washegari Ajara ta kira, ta sake kira, tsohuwa ta juya fuska bango ta ce a ce tana barci. Ajara ta kira ƙaninta tana kuka tana tambayar laifin da ta yi. Ya ce mata rikicin tsufa ne, ta yi haƙuri, ta ɗan ƙara abin da take turowa ko zuciyar Mma ta sauko. Ta ƙara kuwa. Ta ƙara daga cinikin shinkafa da wake da take tsayawa a kai tun asuba a bakin tasha.

Ranar da Mma Awawu ta faɗi a makewayi, da azahar ne, ba kowa a gida sai Zuleiha. Ta cicciɓe ta zuwa ɗaki, ba nauyi, kamar ta ɗauko damin kara. Tana shafa mata ruwa wayar ta yi ƙara a bakin zani. Tsohuwa ta zaro ta da ƙyar ta miƙo, ta ce a goge kawai, ba sai an karanta ba.

Zuleiha ta durƙusa. Ta ce saƙon nan gaskiya ne. Ta ce na baya ma duk gaskiya ne, ta bincika da kanta, kamfanin ne, Sista Ajara ce, ba watan da ta tsallake. Ta faɗi maganar caji, ta faɗi atamfa, ta faɗi nata rabon ba ta rage ba. Tana magana tana jiran mari, ko tsinuwa, ko wani abu da zai yi daidai da abin da ta yi.

Mma Awawu ta ɗaga ido ta kalli rufin kwano.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "in saƙon ƙarya ne, 'yata ta yar da ni. In gaskiya ne, ɗana ɓarawo ne. Wanne kika kawo mini in huta a kai?"

Tsohuwa ba ta sake yi wa Zuleiha magana ba ranar, ko ruwa ba ta karɓa ba. Da Mutawakil ya shigo gaisuwa da yamma ta amsa masa kamar kullum, har da tambayar yadda haya ta yi. Ya ce batiri, ta miƙa masa wayar ba ta dube shi ba.

Da safe ta kira Zuleiha ta ce ta rufo ƙofa. Ta ce maganar da ta yi a gidan suna ita ke ƙona ta, ba kai ba, ba ƙafa ba. Zuleiha ta roƙe ta a kira Kumasi yanzu-yanzu, ga tata wayar. Tsohuwa ta girgiza kai. Ta ce in ta yi godiya yau, yarinyar za ta tambayi na jiya, daga nan 'ya'yanta biyu sun rabu har abada, ita kuwa ba za ta shiga kabari ta bar su a haka ba. A dai aika wa ta Kumasi ta zo ƙarshen wata, ta riƙe hannunta, za ta gane ba sai an yi magana ba.

"In ban kai ba, ki gaya mata na sa mata albarka, duniya da lahira. Ki ce ni ce nake neman gafararta. Amma maganar ɗan uwanta, amana ce na ba ki. Kada ta fita daga ɗakin nan."

Dubi inda zalunci ya kai. Wadda aka cuta, da sauran numfashinta, ita ke ɗinka wa wanda ya cuce ta rigar rufin asiri.

Ba ta kai ƙarshen wata ba. Wata Laraba da safe ɓarin jikinta ya shanye, aka sa ta a yalo-yalon Mutawakil zuwa asibiti, kafin la'asar ta cika. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi yaushe rabonta da shan magani. Mutawakil ya ce ai tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta son na asibiti.

Ajara ta iso bayan an binne. Ta shigo da jakarta a ka, idanu sun kumbura, matan da ke zaman makoki suka amsa sallamarta a ciki-ciki. Ba wadda ta matsa mata a tabarma. Wata dattijuwa ta ce, ba tare da ta rage murya ba, wasu sai an mutu suke tuna hanyar gida. Ajara ta sunkuyar da kai ta zauna a kan turmi. Ita ta sayi shinkafar sadakar uku, ita ta tsaya a kan tukwane, Mutawakil kuma yana zaure ana riƙe masa hannu ana cewa Allah ya saka masa, ya riƙe uwa har ƙarshe.

Ranar da za ta koma, ta sami Zuleiha a ɗakin marigayiya tana ninke kaya. Ta zauna a bakin katifa, ta ɗauki filon ta rungume. Ta yi wa Zuleiha godiya a kan wanki da jinya, godiya mai tsawo, kowace kalma kamar ana ɗiga mata tafasasshen mai. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta tun daga Kumasi.

"Ki gaya mini tsakani da Allah. Ta ambace ni kafin ta cika?"

"Ta ambace ki, Sista. Ta ce ta sa miki albarka duniya da lahira. Ta ce ita ce take neman gafararki."

Ajara ta yi wani murmushi mai ciwo. Ta dafa gwiwar Zuleiha.

"Kina da kirki, Maman Imurana. Amma ba sai kin yi mini ƙarya ba. Mma ta nemi gafarata? A kan me? Duk Aboabo sun ji abin da ta faɗa. Ni dai ban san abin da na yi mata ba, shi ne zai kashe ni."

Gaskiya ɗaya da Zuleiha ta faɗa a gidan nan ga mai haƙƙi, an ɗauke ta ƙaryar tausayi. Kuma hujjar da za ta sa a yarda tana kan harshenta. Ta tuna amana. Ta tuna Imurana, ta tuna ɗakin aurenta, ta tuna cewa in an fara lissafa masu laifi sunanta ne na biyu. Har yau ba ta iya rabe wanne a cikinsu ya rufe mata baki ba, ta fi so ta ce amanar ce. A waje Mutawakil ya danna oda, ya ce Sista ta yi sauri kada mota ta cika. Ajara ta ajiye filo ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa Zuleiha ta ji tana ce wa ƙaninta kada a rufe layin Mma, za ta riƙa turo na sadaka duk wata, a dafa abinci a raba a masallaci, ko Allah ya sa ta huce a inda take. Ya ce kada ta damu, layin yana hannunsa.

A unguwa yanzu in uwa za ta yi wa ɗanta faɗa, Mutawakil take ce masa ya duba. In za ta tsoratar da 'yarta, ta Kumasi take ambata. Rediyo yana nan yana gargaɗi safe da yamma a kan baƙin da ke aiko da saƙo daga nesa, a duba lamba, a duba suna, kada a ba kowa lambar sirri. Duk daidai ne. Ba a dai taɓa ware ko minti ɗaya ba a kan wanda ke durƙusawa ya gaishe ka da safe.

Ajara ba ta fasa ba. Duk ƙarshen wata tana tsaye a kan tukunya a bakin tasha, tana tara na neman yafiyar uwar da ta riga ta yafe mata. Kuɗin suna isowa Aboabo lafiya. Masallaci bai taɓa ganin ko kwano ɗaya ba. Mutawakil yana shigowa da cefane, Zuleiha ta karɓa ta dafa, ta zuba wa kowa, ta zauna ta ci.